Daga shagon gem na unguwarmu zuwa ƙasar Drakula: wace Castlevania za ka fara bugawa?

Daren Juma'ar da ta wuce ƙanena ya turo mini saƙon murya daga Kano. Ya ce, "Yaya, na gama kallon katun ɗin Castlevania a Netflix, an ce wai daga gem aka ciro shi. Tunda kai a ƙasar su Drakula kake zaune, wanne zan fara bugawa?" Sau uku na saurari saƙon nan. Lokacin da nake tara kuɗin tarata don in je in buga wannan gem ɗin, ko haihuwar yaron ba a yi ba. Amsar da na ba shi ta yi tsawo har ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Shekarata shida ke nan a Brasov, cikin yankin Transilbaniya na ƙasar Romaniya. Abokan aikina a nan, duk wanda ka tambaya amsarsa ɗaya ce: ka fara da Symphony of the Night. Ni kuwa ban yarda ba, kuma dalilina yana can cikin wani ɗan shago a bakin layinmu.

Shagon ɗaki ɗaya ne, benci biyu, talabijin biyu, fanka guda da ba ta kai iska ƙarshen benci. Kowa ƙwallo yake zuwa bugawa, in ba ita ba sai Mortal Kombat. Da PlayStation ta shigo, Winning Eleven ta kwashe layin gaba ɗaya, kuma kaɗan ne a cikinmu suka lura cewa Konami ɗin da ke fitowa a allo kafin a take ƙwallo shi ne kamfanin Japan da ya ƙirƙiro Castlevania tun 1986. Kaset ɗinta na Sega yana can ƙasan kwali, takardar jikinsa ta fara ɓarewa. Mai shago ba ya son saka shi, saboda gem ɗin mutum ɗaya ne, kuɗin mutum ɗaya ke shigowa. Sai ranar Alhamis da yamma, da babu Islamiyya, mu huɗu mu haɗa naira biyar-biyar mu roƙe shi, ya busa kaset ɗin ya cusa.

Bloodlines ce, ta 1994. Ka zaɓi John Morris mai bulala ko Eric Lecarde mai mashi, labarin kuma a 1917 yake faruwa, lokacin yaƙin duniya na farko. Ana farawa daga kangon fadar Drakula a Romaniya, a bi ta Girka, a hau hasumiyar Pisa ta Italiya, a shiga masana'antar makamai a Jamus, a ratsa fadar Versailles ta Faransa, a ƙare a Ingila. Kafin in san waɗannan wurare a taswira, a allon nan mai ɗigo-ɗigo na fara ganinsu.

Mun raba aiki ba tare da wani ya tsara mana ba. Ɗaya yana riƙe da fad, wato abin dannawa, in ya mutu ya miƙa wa na kusa da shi. Ɗaya aikinsa tuna bangon da ake fasawa a sami nama, domin a Castlevania naman da ke ƙara rai a cikin bango ake ɓoye shi. Ni ne mai littafi. Alamomin sirrin da ke mayar da kai matakin da ka tsaya zane-zane ne a cikin gidaje, ni nake kwafe su a bayan littafin lissafina, hannu na rawa, ina addu'ar kada a ɗauke wuta kafin in gama. An sha ɗauke ta kuwa. Akwai ranar da muka kai ga bos ɗin Pisa, wato babban dodon ƙarshen matakin, a karon farko bayan mako uku muna fama, allon ya yi ɗif. Babu wanda ya ce uffan. Muka fito muka zauna a dakalin maƙwabta har aka kira magariba.

Hasumiyar Pisa ɗin nan ita ta koya mini gem ɗin. Ginin yana rangaji hagu da dama, kai kana hawa, kawunan Medusa, dodanniyar tatsuniyar Girka, suna tahowa suna lilo sama da ƙasa. In ɗaya ya taɓa ka, sai ya wurga ka baya, bayan kuwa rami ne. Mai gaggawa ba ya wuce wurin. Dole ka tsaya ka karanci lilon kan, ka san lokacin da zai sauko, sannan ka daka tsalle. A tsofaffin Castlevania, musamman ta farko wadda Simon Belmont ke ciki, in ka riga ka tashi sama ba ka da ikon sauya inda za ka dira, bulalar ma sai ta ɗan ja baya kafin ta sauka. Matasan da nake hira da su a nan suna cewa ƙarancin fasahar zamanin ne ya jawo haka. Ni ina ganin da gangan aka yi. An auna kowane jemage da kowane ƙwarangwal daidai da nauyin jikin mai bulalar, ta yadda in ka mutu ka san laifinka ne. Hatta zukatan da ke faɗowa daga kyandir ba rai suke ƙara maka ba, harsashi ne na wuƙa da gatari da ruwan tsarki da gicciye da agogon tsayar da lokaci. Sai ka yi lissafin inda za ka kashe su, kamar mai cefane da kuɗi ƙididdigaggu.

Maganar gicciye ta tuna mini wani dattijo maƙwabcin shagon da ya leƙo wata rana, ya ga matattu suna tasowa daga ƙasa, ya ce, "Yara, wannan wane irin abu ne kuke kallo?" Babban cikinmu ya ce, "Baba, tatsuniyar Turawa ce, maye ake kora." Ya girgiza kai ya wuce. Amsar yaron nan ta yi daidai da yadda muka ɗauki abin: mun taso da labarin mayu masu kama kurwa, ga wasu mutane su ma da nasu mai shan jini. Sai daga baya na gane cewa ba ma Turawan ne suka haɗa gem ɗin ba. Mutanen Japan ne suka tattaro dodannin tsofaffin finafinan ban tsoro da na tatsuniyoyin Girka, suka zuba su gida ɗaya, suka kira shi Akumajo Dracula, wato fadar shaiɗanin Drakula.

Watana na biyu da zuwa na shiga mota zuwa Bran, ƙauyen da bai kai tafiyar awa guda daga Brasov ba, inda ginin da ake tallata wa baƙi da sunan fadar Drakula yake. Na tafi da hoton fadar gem a kaina: zaure mai tsawo, hasumiyar agogo mai manyan ƙafafun inji, dogon matakalar da ke kai ka ɗakin ƙarshe, wata a bayanka. Abin da na tarar ƙaramin gini ne a kan dutse, ɗakuna matsattsu, bango fari, ƙofofin da sai ka sunkuya. A 1377 aka ba mutanen Brasov izinin gina shi don tsaron hanyar fatake, a 1920 kuma aka ba Sarauniya Mariya ta Romaniya ta mayar da shi gidan zama. Abu ɗaya ne ya sa gabana ya faɗi: wata siririyar matakala da ke ɓoye cikin bango, daga hawa na ɗaya zuwa na uku. Ina hawanta kafaɗuna suna gogar dutse, sai na tuna abokina mai neman bangon nama.

Mutanen nan ba su ɗauki Drakula nasu ba. Wanda suka sani shi ne Vlad Tepes, sarkin Walakiya na ƙarni na 15, wanda ya yi yaƙi da Daular Usmaniyya, ya kai wa rundunar Sarki Mehmed na Biyu harin dare a 1462. Sansaninsa na gaske Poenari ne, kango a kan tsauni, mai matakala 1,480. Mai shan jinin kuwa daga littafin Bram Stoker na 1897 ya fito, mutumin Ailan da bai taɓa taka ƙasar ba. Wani abokin aikina ya ce da ni, "Drakula na masu yawon buɗe ido ne, Vlad namu ne." Amma da na ambaci Castlevania fuskarsa ta washe. Ashe su ma a shekarun 1990 na'urar kwaikwayon Nintendo suka buga, wadda suke kira Terminator, da irin kaset ɗin nan rawaya da muka sani a kasuwanninmu. Su ma busawa suke yi kafin su cusa. Da ina zaton yaran Turai a kan kujerar alfarma suka buga nasu, ashe bambancinmu da su bai taka kara ya karya ba.

Inda muka rabu shi ne yanzu. Shi yana bugawa shi kaɗai da abin sauraro a kunne, in ya maƙale ya buɗe YouTube. Shi ya sa Symphony of the Night ta 1997 ta fi dacewa da rayuwarsa, kuma ban musa girmanta ba. Alucard, ɗan Drakula, yana yawo cikin fada guda babba, yana samun iko sabo ya koma ya buɗe ƙofar da ta gagare shi a baya. Kiɗan Michiru Yamane da zanen Ayami Kojima har yau ban ga na biyunsu ba. A shagonmu an taɓa kawo faifanta, amma babu memori na ajiye inda ka tsaya, kullum daga farko muke somawa, muka haƙura. A nan na kammala ta, cikin hunturun shekarata ta farko, dusar ƙanƙara ta rufe taga. Na sami tabarau ɗin da wata budurwa Maria ke bayarwa a cikin gem ɗin, na gane cewa ba Richter, mai bulalar da ke riƙe da fadar, ne abin kashewa ba, koren ƙwallon da ke juya shi ne. Sai ga wata fada ta biyu ta sauko daga gajimare, irin ta farko sak amma a kife, rufi ya koma ƙasa. Na miƙe tsaye na juya don in ce, "Kun gani?" Babu kowa a ɗakin. Na koma na zauna, fad ɗin a cinyata, na daɗe ban danna komai ba.

To ga abin da na faɗa wa ƙanena. Kada ya fara da Symphony. Wanda ya fara da ita, ya saba da Alucard mai sulɓi kamar iska, wanda in abu ya yi wuya sai ya je ya ƙara ƙarfi ya dawo, zai ga tsofaffin sun yi masa nauyi ya watsar da su, ya yi asarar rabin gidan. Ya nemi Anniversary Collection ta 2019, wasanni takwas ne a ciki. Ya fara da Super Castlevania IV ta 1991, domin ita ce mai sassauci: bulalar tana dukan kusurwa takwas, kana iya saƙala ta ka yi lilo. In hannunsa ya faɗa, ya shiga Bloodlines. Castlevania III ta 1989 ita ce tushen katun ɗin da ya kalla, can ne Trevor da Sypha da Alucard suke, amma tana da zafi, ya bar ta sai ya ƙware. Daga nan Rondo of Blood ta 1993, saboda da faɗan ƙarshenta Symphony take buɗewa, wanda bai sha wuyar kai Richter ɗakin Drakula ba kuwa ba zai ji nauyin buɗewar ba. Sannan ya buga Symphony, wadda yanzu har a waya ana samunta. Bayanta Aria of Sorrow ta 2003, inda Soma Cruz ke karɓe ikon dodannin da ya kashe. Tana cikin Advance Collection mai maɓallin mayar da lokaci baya, na roƙe shi kada ya taɓa maɓallin. Lords of Shadow ta 2010 tana da kyan gani, amma ni ban ji ƙamshin gidan a jikinta ba.

Sharaɗi ɗaya na ƙara masa: ya kira 'ya'yan Kawu biyu, su zauna gaban kwamfuta ɗaya, wanda ya mutu ya miƙa fad, waya kuma a ajiye ta a wani ɗakin.

Jiya ya sake turo saƙo. Sun tsallake Super Castlevania IV sun faɗa Bloodlines kai tsaye, wai suna son ganin wadda na buga. Hayaniya ce kawai a bayansa, wani yana cewa a ba shi, wani yana rantsuwa ya danna tsalle. Ya ce, "Yaya, wannan hasumiyar mai rawa fa? Kwana biyu ke nan muna nan." Na ce masa ya daina kallon ginin, ya kalli kan da ke tahowa, ya bari sai ya sauko ƙasa tukuna.