Kullum Forgotten Realms, ina sauran duniyoyin?

Jama'a, duk lokacin da kamfanin Wizards of the Coast ya sanar da sabon littafin Dungeons & Dragons, ƙorafi ɗaya ne ke tashi: "Yanzu ma Forgotten Realms? Ina Dark Sun? Ina Birthright?" Waɗannan duk sunayen duniyoyin wasan ne. Ni ma ina cikin masu wannan ƙorafi. Amma zargin da ake yi wa kamfanin na rashin basira ko lalaci ban yarda da shi ba. Lissafi ne suke yi, kuma lissafin ya samo asali ne daga wata wuta da ta taɓa ƙona su.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne ke zama a tebur, kowa ya shiga rigar jarumin da ya ƙirƙira, mutum ɗaya kuma ya ja ragamar labarin, shi ne mai faɗin abin da ke bayan ƙofa da abin da dodo zai yi, dayis, wato ƙwayoyi masu lambobi da ake jefawa, ya raba gardama. Duniyar wasa ita ce ƙasar da labarin ke gudana a cikinta, da taswirarta da sarakunanta da tarihinta. To ku lura da abu ɗaya: littafin dokoki kowa a teburin na iya saye, amma littafin duniya galibi mai jan ragama kaɗai ke sayensa. Tun daga nan kasuwarsa ta tsuke.

Kamfanin TSR, wanda ya fara fitar da wasan a 1974, bai damu da wannan ba. Bayan Greyhawk na Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri wasan, sai Dragonlance a 1984, Forgotten Realms a 1987, Spelljammer a 1989, Ravenloft a 1990, Dark Sun a 1991, Al-Qadim a 1992, Planescape a 1994, Birthright a 1995. Ta fuskar fasaha, ba a sake yin zamani irinsa ba. Ta fuskar kuɗi kuwa, masu sayen nan dai su ne, sai aka yayyanka su gida-gida. Mai Planescape ba ya taɓa littafin Dark Sun, mai Ravenloft bai san inda Birthright ya kwana ba, alhali kowane littafi sai an biya marubuci da mai zane da maɗaba'a. Ga kuma yarjejeniyarsu da kamfanin littattafai na Random House, wadda ke ba su kuɗi da zarar sun tura kaya, ba sai an sayar ba. Wannan ya sa buga sabon abu ya zama hanyar samun kuɗin yau, bashin kuma yana taruwa. Da kayan da ba su sayu ba suka dawo, TSR ya durƙushe, Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, kamfanin kayan wasa na Hasbro kuma ya sayi Wizards a 1999.

Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Tun daga lokacin, tambayar farko da ake yi wa kowace duniya ita ce: za ta tara masu saye wuri ɗaya ko za ta raba su?

A nan Forgotten Realms ta yi wa kowa fintinkau. Ed Greenwood, ɗan Kanada, tun yana yaro ya fara rubuta ta, kuma ya gina ta yadda ba ta korar komai. Kana son matsafi, akwai. Kana son ɗan fashin teku, ko birnin 'yan kasuwa irin Waterdeep, ko daji mai dodanni, duk akwai gurbinsu. Duk littafin da kamfanin ya fitar gobe zai zauna a cikinta ba tare da an gyara komai ba. Yanzu dubi Dark Sun. Duniya ce ta hamada, ƙarfe ya yi ƙaranci har ana yaƙi da makaman ƙashi da dutse, tsafi yana ƙona tsirrai, alloli babu su, sarakunan matsafa na mulki da bayi. Daɗinta yana cikin abin da ta hana. Amma duniyar da ke ce wa ɗan wasa "rabin abin da ke cikin littattafan da ka saya ba ya aiki a nan" ba abokiyar ɗan kasuwa ba ce. A 2023 Kyle Brink, wanda ke jagorantar sashen wasan a lokacin, ya fito ya ce Dark Sun na da matsaloli ta fuskar abin da ke cikinta. Na yarda batun bauta yana buƙatar taka-tsantsan, musamman bayan kamfanin ya nemi afuwa a 2022 kan yadda ya siffanta jinsin hadozee, wasu halittu masu kama da birai, a Spelljammer. Sai dai a ganina, ko da babu wannan, ƙin karɓar sauran hajar kamfanin ya isa ya sa a ajiye ta a gefe.

Abu na biyu ya ma fi nauyi: kuɗin da ke wajen tebur. Littattafan labarin R. A. Salvatore kan jarumi Drizzt, tun daga 1988, sun kai Forgotten Realms hannun mutanen da ba su taɓa jefa dayis ba. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate ya zo a 1998, na ukunsa a 2023, shekarar da fim ɗin wasan tebur ɗin ya fito, shi ma a wannan duniyar. Wanda ya gama wasan kwamfuta ya nemi littafi, sunan birnin da ya sani zai nema. Haka aka yi da Ravnica a 2018 da Theros a 2020, duniyoyin wasan katin Magic ne, mallakar kamfanin, da masoyansu a shirye. Wildemount ma a 2020 ta shigo ne saboda ɗimbin masu kallon Critical Role, shirin da ake buga wasan a intanet. Ba wadda aka ɗauko don ta fi kyau. Kowace ta zo da jama'arta.

Eberron ce ta fita daban, shi ya sa nake girmama ta. A 2002 aka buɗe gasa, shawarwari sama da 11,000 suka shigo, ta Keith Baker ta yi nasara, aka fitar da ita a 2004. Amma ko a nan, ƙa'idar da aka gina ta a kai ita ce duk abin da ke cikin D&D yana da gurbi a Eberron. Ko sabuwar duniya sai da ta yi alkawarin ba za ta kori kowa ba.

Inda nake da ja shi ne yadda ake yi wa tsofaffin duniyoyin yanzu. A fitar da littafi ɗaya ko akwati ɗaya, a ci kasuwar masu kewar da, a wuce. Spelljammer a 2022, Planescape a 2023, duk haka aka yi musu. Mai jan ragama ya saya da murna, bayan wata shida ya ga babu abin da zai biyo baya, sai ya koma Forgotten Realms inda kaya ke fitowa. Daga nan kamfanin ya duba alƙaluma ya ce, kun gani, can mutane suke so. Ai ku kuka kai su.

Kuma akwai wata hanyar. Kamfanin Paizo, masu Pathfinder, wani wasan tebur irin wannan, duniya ɗaya suka riƙe, Golarion, amma suka sa kowane yanki ya zama kamar duniya mai zaman kanta: nan ƙasar fatalwa da masu shan jini, can ƙasar da jirgin sararin samaniya ya faɗo, ga yankin Mwangi da aka sake rubutawa a 2021. Masu saye ba su rabu ba, baƙon abu kuma bai mutu ba. Wizards ma yana da makami a hannu, wato DMs Guild da ya buɗe a 2016, inda marubuta masu zaman kansu ke sayar da aikinsu a duniyoyin da aka ba da izini, a raba riba da su. Buɗe wa mutane Dark Sun ko Birthright a can ba zai ci wa kamfanin kuɗin maɗaba'a ko na mai zane ba, kuma cikin shekara guda zai ga da idonsa ko akwai masu saye.