Motar da ba ta iya yin shiru a gaban manya

Motar nan 'yar Kwatano ta zo da ƙananan idanu huɗu a bambar gaba, waɗanda ke tura sautin da kunnen mutum ba ya ji, ya bugi abin da ke gaba ya dawo, ita kuma ta auna tazarar ta yi ƙara. A tsarin masu ƙera ta, sensar, wato waɗannan idanun, ba ta farkawa sai an sa ribas ko an danna maɓalli, kuma da zarar gudu ya kai wajen kilomita 15 a awa sai ta kashe kanta. Bayan kwalbatin ƙofar gidanmu ya ci mini bamba, na kai ta wurin riwayan nan namu, na ce ya haɗa sensar da makulli kai tsaye yadda muddin mota na kunne ita ma tana kunne. Ya haɗa, ya kuma ƙara mini da wata 'yar lasifika mai ƙarfi a ƙarƙashin sitiyari don kada rediyo ya danne ta.

Ƙarar takan fara ne jefi-jefi, ta riƙa sauri yayin da abu ke matsowa, idan tazara ta ragu zuwa kamar santimita 30 sai ta zarce babu yankewa. Wanda ya tsara haka bai taɓa shiga cunkoson Kurna a Kano da yamma ba, inda mai Adaidaita Sahu ke ɗaukar santimita 30 a matsayin filin da ya isa ya cusa kai. Na jure wannan, domin ni kaɗai nake sha.

Ranar ɗaurin auren ƙanwar maiɗakina, ni aka ɗora wa ɗauko Baffa. Saboda ciwon gwiwarsa, na matso da motar har bakin tabarmi, ya zauna a kujerar gaba ƙofa a buɗe, na bar makulli a kunne domin fanka ta riƙa hura masa iska, ni kuma na tsallaka can cikin sahu na zauna kusa da waliyyai kamar mutumin kirki. Liman ya fara tambayar sadaki ke nan, sai wani mutum mai babbar riga ruwan ƙasa ya zo ya jingina da bambar.

Motar ta ɗauki ƙara ɗaya doguwa. Liman ya dakata, ya ɗaga kai, ya sake farawa, ya sake dakatawa. Wakilin ango ya faɗi sadaki, aka ce ya maimaita, ya maimaita, wani daga baya ya ce shi dai bai ji ba, kuma ai da jin shaidu ake ɗaura aure. Baffa ya leƙo ya ce, "Kai, yaro, motarka ce take kuka ko kunnena ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu zan zo," alhali tsakanina da ita akwai sahu biyar na dattawa masu naɗe da ƙafa, kuma takalmana suna can wani ɓangaren. Na riƙa ratsawa a sunkuye ina cewa a gafarce ni, na taka gefen rigar wani, na zubar da farantin goro, ƙarar kuwa ba ta ko numfasa ba.

Shi mai babbar rigar ko gezau bai yi ba. Ya harɗe hannu, yana waige-waige tare da kowa yana neman inda ƙarar take fitowa, har da girgiza kai yana cewa mutanen yanzu ba su da ladabi. Na roƙe shi ya ɗan matsa, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi bai taɓa komai ba. Daga baya na bincika, babu wanda ya san shi a dangin ango, babu a na amarya, amma na ga ya karɓi dabino da alawa sau biyu, ya kuma tafi da ledar abinci. An ce kusan duk Asabar ana ganinsa a ɗaurin auren unguwar, da wannan rigar dai.

Da na kashe makulli fanka ta tsaya, Baffa ya ce gara ƙarar da wannan zafi. Riwaya ya ce in kawo motar ranar Litinin, amma da na je an ce ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa neman kaya.