Bayan an naɗe tabarmar makoki

Duk lokacin da hadari ya haɗo a watan Yuli, akwai gidaje a unguwannin Rikkos da Gangare na Jos da ba a runtsawa. Mutanen Jos ba su manta da ambaliyar 22 ga Yulin 2012 ba, ana farkon azumi, lokacin da ruwa ya taso daga wajen madatsar Lamingo ya bi unguwannin bakin rafi, ya ci rayuka sama da 30, ya rushe gidaje kusan 200. Ba a cika wata guda ba ya sake ɓarna a ƙauyukan Shendam da Langtang da Wase da ke kudancin Jihar Filato.

A kwanakin ambaliyar na je gaisuwa wani gida da ruwa ya yi wa ɓarna. Maigidan ya binne 'ya'ya biyu, na ukun ba a ga gawarsa ba. Kowa ya shigo ya ce "Ya haƙuri?" sai ya amsa da "Alhamdulillahi", idonsa na kan ƙofa. Uwar yaran kuwa, duk sa'ad da aka ce an tsinci gawa a gangaren rafi, sai ta ce wa ƙanenta: "Tashi ka je ka dubo mini." Wanda aka yi wa sutura aka kai shi makwancinsa, zuciya takan dangana a hankali. Wanda ruwa ya tafi da shi babu labari, makokinsa ba ya ƙarewa. Matar da mijinta ya ɓace ba ta san ranar da za ta fara takaba ba, gado ba ya rabuwa sai alƙali ya yi hukunci. Iyalai da dama a Mokwa ta Jihar Neja suna cikin wannan hali tun ambaliyar 29 ga Mayun 2025, wadda ta kashe fiye da mutum 150 a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da taimakonmu yake zuwa da lokacin da yake yankewa. Kafin sadakar uku manya sun iso da jerin motoci, an sauke shinkafa da katifu da barguna, an ɗauki hoto. Ban raina ba, mai jin yunwa ya ci. Amma kafin arba'in ƙafa ta ɗauke, alhali a ƙauye a lokacin ne wahala take kankama. Rumbu ya jiƙe, hatsin ya ruɓe. Yashi ya binne masarar da aka zuba wa takin bashi. Ruwan masai ya gauraya da na rijiya, amai da gudawa ya kama yara, gadar da za a bi a kai su asibiti kuma ta karye. Manomin da ya rasa damina ɗaya ya rasa abincin shekara, ya rasa irin baɗi, sai ya sayar da 'yar akuyar da ta tsira.

Ƙaddara gaskiya ce, babu mai imanin da zai musa. Sai dai kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da koguna da ambaliya ta NIHSA suna fitar da hasashen damina, har da wuraren da ake fargaba. A 2012 hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ƙirga mutum 363 da ambaliya ta kashe a faɗin ƙasa, a 2022 adadin ya haura 600. Sanarwar "ku tashi daga bakin rafi" muna jin ta a rediyo, amma su koma ina? Talaka bai gina gida a hanyar ruwa don ganganci ba, filin da kuɗinsa ya kai ke nan.

Akwai asusun kula da muhalli da ake ware wa jihohi da ƙananan hukumomi kaso daga cikinsa. Da shi ya kamata a yanka wa mutane filaye a tudu, a yashe magudanan ruwa tun rani, a haƙa burtsatse, a kai iri da taki kafin shuka. Sunayen mabuƙata kuma a karɓe su daga hannun masu unguwanni da limamai da fastoci, a karanta a bainar jama'a, domin su suka san bazawarar da kunya ta hana shiga layi.

Iyalin da na je wa gaisuwa sun samu kwanon rufi da siminti. Da su suka sake tayar da ɗaki biyu a kan tsohon filinsu, taku kaɗan daga rafin da ya tafi da yaransu.