Mu'ujiza ba haja ba ce

To, taron warkarwa na kwana uku ya watse. An kwashe kujeru, an sauke lasifika, “bawan Allah” ya koma inda ya fito da jakarsa shaƙe. Mu kuma an bar mu da goggona a gadon asibiti. Duk wanda ya je filin nan na Sabon Garin Kano ranar Asabar ya ga lokacin da aka miƙa mata makirfo ta ce ciwon sugarta na shekara tara ya tafi, kuka yi ta tafi da guɗa. Daren Talata da muka saka ta a adaidaita sahu ba ta san wanda ke kanta ba, ban ga ko mutum ɗaya cikin masu guɗar ba. A kwata ta zuba magungunanta, domin an ce mata shan magani bayan addu'a rashin bangaskiya ne.

Kwalbar man shafawar da aka sayar a taron tana gabana yanzu haka. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, an manna hoton mutumin a jiki, ya ɗaga hannu sama yana murmushi. Naira dubu biyar. Na buɗe na shinshina, ban ji bambancinsa da man da ake soya ƙosai a bakin layinmu ba. Akwai ta dubu goma ma, wai ita ta fi saurin aiki. Ashe har ikon Allah yana da lamba ɗaya da lamba biyu, kamar shadda a Kantin Kwari!

Kafin wani ya ce na bar hanya: na gaskata da mu'ujiza. Na gaskata Yesu ya buɗe idon makaho, ya ta da Li'azaru bayan kwana huɗu a kabari, kuma hannunsa bai gajarta ba har yau. Abin da nake faɗa shi ne mu'ujiza alama ce, ba haja ba ce. Yohanna ma da sunan alamu ya kira su, kuma a 20:30-31 ya faɗi dalilin rubuta su: domin a gaskata Yesu shi ne Almasihu, a sami rai. In ka kama titin Zariya ka ga allon da ke nuna hanya, ba ka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa ka ce ka iso. Mu kuwa mun rungume allon, har ana yanka mana tikitin taɓa shi.

Ku duba yadda shi kansa Ubangiji ya yi. Ya warkar da kuturu a Markus 1, ya ce kada ya faɗa wa kowa, ya je firist ya duba shi. Wato a tabbatar tukuna, ba a miƙa makirfo ba. Ya ta da 'yar Yayirus, ya hana a baza labari, ya ce a ba ta abinci. Ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu, da suka so naɗa shi sarki sai ya sulale ya hau dutse shi kaɗai. Washegari da suka biyo shi ya faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa cikinsu ne ya kawo su. Shanyayyen da aka zuro ta rufin ɗaki kuwa, gafarar zunubi ya fara ba shi, tafiyar ta biyo baya don a san yana da ikon gafartawa. Ina fosta a nan? Ina ambulan ɗin kuɗi?

Na san za ku kawo mini Ayyukan Manzanni 19, hankicin Bulus da ake kai wa marasa lafiya a Afisa su warke. Na karanta. Nawa ya sayar da guda? Za ku ce Yakubu 5:14 ya yi maganar shafa mai. Ƙwarai, dattawan ikkilisiyarka ya ce ka kira, waɗanda suka san ƙofar gidanka, ba baƙon da zai kashe waya ranar Litinin ba. Masu cewa kada a taɓa shafaffe na Ubangiji kuma, ku fara karanta abin da Bitrus ya faɗa wa Siman mai sihiri da ya zaro kuɗi zai sayi baiwar Allah, da abin da ya sami Gehazi da ya bi Na'aman a guje don azurfa da riguna, sannan mu yi magana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da goggo ta yi mini jiya da ta farfaɗo. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗana, ko bangaskiyata ce ba ta kai ba?” Matar da ta yi shekara talatin a zumuntar mata, ba ta taɓa fashin addu'ar safe ba. Na ce, “Goggo, Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce alheri ya ishe shi. Shi ne ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas. Abokin tafiyarsa Luka likita ne.” Ta yi shiru, ta ce in miƙo mata ruwa.

A garin nan fa mishan na SIM suka buɗe asibitin ido tun 1943, wanda ikkilisiyar ECWA ke riƙe da shi yau, suka kuma yi jinyar kutare a Yadakunya. Suna addu'a, suna aiki da hannu, ba wanda ya ce musu sun raina ikon Allah. Yanzu ne muka fi su ruhaniya ke nan?

Af, kuma yaran da kuka aiko suka liƙa fosta har guda shida a ƙofar shagona da ke New Road, ban san da wane irin gam suka yi ba. Na jiƙa da ruwan zafi, na kankare da wuƙa, fentin ne ke fita, fuskar mutumin tana nan tana mini murmushi. Wanda ya san lambar kwamitin taron ya turo mini, kuɗin fenti zan karɓa.