Wutar cek da ɓeran da ya ci min sensa

A-kori-kurar tawa lafiyarta ƙalau, tana jan kaya ba ko tari, sai kawai ƴar wutar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ta kama a gaban sitiyari. Wani abokina mai ilimin komai ya ce in cire kan batir in mayar. Wutar ta mutu kuwa, har na fara yi masa kirari. Ashe share lambar matsalar da motar ta adana kawai aka yi, kwamfutar motar na sake gwajinta ta dawo da abarta.

Sai gareji. Bakanike ya durƙusa ya soka na'urarsa a soket ɗin nan mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Ta fito da P0135. Ya gyaɗa kai irin na likitan da ya ga abin da ba zai faɗa wa iyali ba.

"Malam, sensar oksijin ta tafi."

Injin V6 ne, sensa huɗu ke jikin salansa: biyu kafin katalis, wato matatar hayaƙi, biyu bayansa. Lambar na nufin ɓangare na ɗaya, wato inda silinda ta ɗaya take, sensa ta gaba. Yaron gareji ya shige ƙarƙashi salansar ba ta huce ba. Ihun da ya kurma ya sa har mai gyaran mota ta kusa ya yar da sifana. Da ƙyar aka kwance tsohuwar, tsatsa ta riƙe ta gam, aka ɗaura sabuwa fil, aka share lamba.

Kafin in gama jin daɗin kuɗin da na kashe, ga wutar nan. P0135 dai, ko harafi bai canza ba.

Wannan karon babban ogan ne ya karɓi na'urar. Ya ce lambar ba ta taɓa cewa sensa ta mutu ba, cewa ta yi layin hitar cikinta na da matsala. Sensar ba ta karanta hayaƙi daidai sai zafinta ya haura digiri 300 a ma'aunin Selsiyus, shi ya sa aka sa mata hita, kuma hitar tana da fis da wayoyinta. Da tun farko an dangwala mitar gwada lantarki, da magana ta ƙare.

Ya duba fis, lafiya. Ya bi waya da yatsa har bayan inji, ya zaro wata dunƙulen sheƙa ta tsumma da leda. Wayar hitar an gwaguye ta, ga sawun haƙora reras a jikin robar. Mai gidan ma yana ciki. Ya diro ta kan kafaɗar ogan, ya bi ta tsakanin ƙafafuna, ni kuma ban san lokacin da na hau bayan motar ba.

Aka haɗa waya, aka naɗe da tef. Na tambayi ogan ko za a karɓi sabuwar sensar a dawo min da kuɗina.

"Wadda aka ɗaura? Sai dai ka kai ƙarar ɓeran, Alhaji."