Kafin 'yan jari bola su gama da tarihin layin dogo

Duk wanda ya bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari na Arewa ya san hoton: kwanon rufi ya yaye, gara ta cinye ƙyamare, tankin ruwan da ake shayar da jirgi ya yi tsatsa har ya huje, awaki na kwana a ɗakin sayar da tikiti. Hankalin kowa yana kan sabon layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Madalla da su. Amma tsohon layin, mai faɗin milimita 1,067, shi ne ya yi wa Arewa siffar da take da ita yau, kuma yana zubewa ba tare da an rubuta ko abin da ya rage ba. Ra'ayina shi ne a ajiye maganar katafaren gidan tarihi tukuna. A fara da ƙidaya, da rufi, da takardu, da bakin tsofaffi, domin su ne ba sa jira.

A 1907 aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Mil 356 ne zuwa Kano ta Minna da Kaduna da Zariya, dogon ya iso Kano a 1911, aka buɗe wa jama'a a 1912. Turawa auduga suka yi wa lissafi, sai manoman ƙasar Kano suka ba su gyaɗa, daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, kasuwancin su Alhassan Ɗantata ya haɓaka. Reshen Zariya ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya kai Nguru a 1930, na Borno kuma bai isa Maiduguri ba sai 1964. Kafanchan mahaɗar jirgi ce ta mayar da ita gari. Unguwannin Sabon Gari na Kano da Zariya ma jirgi ne ya cika su da baƙi.

Akwai masu cewa wannan kayan Turawan mulkin mallaka ne, an gina shi don kwashe arzikinmu, me zai sa a kashe masa kuɗi? Gaskiya ne don kwasa aka gina shi. Sai dai wa ya haƙa ƙasar? Wa ya ɗauki kwandon tsakuwa a ka? Talakawa ne da aka raba wa hakimai da dagatai adadinsu, aka tura su aikin diga, da yawa ba da son ransu ba, har wahalar ta shiga waƙoƙin baka. Tudun da aka tara da kwalbatin da aka gina da dutse su ne shaidar guminsu. Rushe su bai rage wa mai mulkin mallaka komai ba, kakanninmu ne ake share sawunsu.

Mun riga mun ga yadda layi guda ke ɓacewa. Ƙaramin jirgin Bauchi, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, ya taso daga Zariya ya hau tsaunin Jos don ɗauko kuza, ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. An ɗebe dogon. Ban da 'yan kayan da aka ajiye a gidan tarihi na Jos, abin da ya rage sai tudun hanya a gonaki da ginshiƙan gadoji a bakin rafuka. Yaro ɗan sakandare a garuruwan da jirgin ya ratsa zai yi wuya ya nuna maka inda tasha take.

Ƙidaya ita ce aikin farko, kuma ba ta da tsada. Mutum uku sun isa kowane zango: mai auna gini, mai ɗaukar hoto, da ɗan gari wanda ya san wurin. A kowace tasha a ɗauki lambar wurin da waya, a ɗauki hoton ginin ta fuskoki huɗu da sanda mai tsawon mita ɗaya a jingine don a gane girma, a zana fasalin ɗakuna da awonsu. A rubuta tankin ruwa, da rijiya ko famfon da ke cika shi, da sikelin auna kaya, da sito, da sandar sigina, da gidajen ma'aikata. Kada a raina ƙarfen dogon kansa: a gefensa masana'anta kan buga sunanta da shekarar da aka narka shi, burushin waya da ɗan alli sun isa su fito da rubutun. Kawunan jirgi da taragai ma suna da farantin da ke ɗauke da lamba da shekara, kuma shi ɓarawo ke fara ɓallewa saboda yawanci tagulla ne. Idan farantin ya tafi ba a rubuta ba, an yi asarar asalin abin, ya zama ƙarfe kawai. Wannan ƙidayar kuma ita ce za ta raba abin da ya cancanci gwanjo da abin da bai kamata ya hau sikelin 'yan gwangwan ba. Ba kowane ruɓaɓɓen tarago ne tarihi ba, amma kafin a yanka shi da wuta sai wani mai ido ya duba.

A gini, ruwa ne babban abokin gaba, gara na bin sawunsa. Kwano ɗaya ya tashi a iskar farkon damina, ruwa ya jiƙa katakon rufi, gara ta samu danshin da take so, damina biyu ko uku sai rufin ya rufta, bango ya biyo baya. Saboda haka kuɗin farko na kwano ne da ƙusa da indararo, sannan a share magudanar da ke kewaye da ginin, a sare bishiyar da saiwarta ta shiga harsashi. Kuskuren da ake yawan yi da kyakkyawar niyya shi ne a yaɓe tsohon jan bulo da siminti mai ƙarfi, a bi da fentin mai. Inda aka yi ginin da kwaɓin farar ƙasa, bangon yana fitar da danshi ta haɗin bulo. Siminti ya toshe wannan hanya, danshin ya maƙale, gishirin ƙasa ya taru, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Gyara da irin kwaɓin da aka yi ginin da shi ya fi arha, ya kuma fi daɗewa.

Tsohon kan jirgi mai aiki da kwal yana da nasa ƙa'idar. A kwashe tokar da ta rage a cikinsa, domin toka da ruwa in sun haɗu suna cin ƙarfe daga ciki. A rufe bakin bututun hayaƙi, a buɗe ramukan da ruwa zai tsiyaye, a kankare tsatsa, a shafa jan fenti mai hana ta kafin fentin ado, a cika gaɓoɓi da giris, a yi masa rumfa ko da ta kwano ce. Gargaɗi guda: farin abu mai kama da auduga da aka naɗe tukunyar jirgin da shi sau da yawa asbestos ne, ƙurarsa na lalata huhu. Kada a bar yara ko leburori su yage shi da hannu.

Takardu sun fi komai saurin tafiya. Littafin shugaban tasha, da rajistar kayan da aka yi lodi, da takardun albashi, da taswirar filayen reluwe, su ne za su gaya wa mai bincike tan nawa na gyaɗa ya bar Nguru a wata shekara, ko su wa aka ɗauka aiki a Zariya da nawa ake biyansu. A ɗaga su daga ƙasa aƙalla taƙi guda, a nisanta su da bango, a cire ƙarfen maƙala takarda da ya yi tsatsa, kada a liƙa salatif ko a rufe su da leda mai zafi. A ɗauki hoton kowane shafi a jere, a ajiye kwafi a wurare biyu daban. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa (Arewa House, cibiyar binciken tarihi a Kaduna) suna da ma'aikatan da suka san wannan aiki, kuma ɗaliban tarihi na jami'o'in Zariya da Kano da Jos suna neman abin da za su rubuta kundi a kai.

Sai mutane. Wanda ya fara zuba kwal a jirgi yana ɗan shekara 20 a 1965 ya kai 80 yanzu. A zauna da su da na'urar naɗar murya, a nemi izininsu, a rubuta suna da aiki da tashar da suka zauna. A tambayi matan da suka yi tallar abinci a bakin taga, da 'yan dakon sito, da fataken goro da shanu, ba direbobi kaɗai ba.

Misali yana nan a gida. A Ebute Metta ta Legas, wata ƙungiyar sa kai mai suna Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel, ginin 1898, ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihin reluwe. A Arewa ma an taɓa yi: gadar ƙafa ta Lugard an ɗauko ta daga Zungeru zuwa Kaduna a 1954, tana nan har yau. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi sun samu hurumi a harkar jirgin ƙasa. Jihar Neja na iya farawa da Baro da Zungeru, Jihar Kaduna ta fara da Zariya da Kafanchan, Yobe ta fara da Nguru, Zamfara kuma da Ƙauran Namoda. Duk kwangilar gyaran layi ko gina sabo da za a sa wa hannu daga yanzu, a saka mata sharaɗi: ba a rushe tsohon gini ko a cire tsohon ƙarfe sai an auna, an ɗauki hoto, an miƙa kwafi ga ma'ajiyar Kaduna.