Hawa uku ya ishi Sakkwato

Wanda ya san Sakkwato a shekarun 1990 ya san inda gari yake ƙarewa. In ka wuce Arkilla ka nufi Kalambaina, ko ka ɗauki hanyar Gusau ko ta Boɗinga, ba ka jimawa gonakin gero da dawa sun tare ka hagu da dama. Yanzu gari ya kutsa ƙasar Wamakko da Kware da Dange-Shuni, kuma bai nuna alamar tsayawa ba. Da yawa daga cikinmu wannan suke kira bunƙasa. Ni kuwa abin yana damuna ƙwarai, domin garin faɗi kawai yake yi, cikinsa bai cika ba.

A duba abin da ake ginawa a sabbin unguwannin. Dillali ya saye gona, ya yanka ta fuloti-fuloti da awon igiya, ya bar 'yar siririyar hanya. Mai kuɗi ya haɗa biyu ko huɗu ya zagaye da katanga, ya dasa gida ƙasa ɗaya a tsakiya. Maƙwabcinsa ya ja katanga ya sa ƙofa ya tafi Abuja, yana jiran fili ya yi daraja. Na gaba da shi ya kai gini linta kuɗi suka ƙare. Sai ka yi tafiya mai nisa a unguwa, gidajen da ake kwana cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Amma bututun ruwa da turakun wuta da kwalta da magudanar ruwa, in har za a kawo su, dole su bi ta gaban kowane kango. Tsawon bututun da zai shayar da gida ɗari sai ya ƙare a kan gida ashirin. Shi ya sa ba a kawowa. Talakan da tsadar haya ta kora bakin gari shi ke biyan bambancin, kullum, a hannun 'yan ga-ruwa da 'yan kabu-kabu. Yaransa ma sai an biya musu kuɗin hawa kafin su ga allo.

Ga kuma gonakin da ake binnewa da bulo, waɗanda ba sa dawowa. Ga masu gangarawa fadama saboda fili ya fi araha a can. Ambaliyar 2010, wadda ta yanke gadar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta isa ta tuna mana cewa Gulbin Rima yana da hanyarsa, kuma yana dawowa ya bi ta.

Ina zaune a Marrakesh ta ƙasar Maroko, inda neman abinci ya kai ni. Na zaɓi in kwatanta ta da Sakkwato ne saboda sun yi kama ta inda ya dace: ruwan sama kaɗan, zafi mai wuce digiri 40 a lokacinsa, tsohon gari mai ganuwar ƙasa da ƙofofi, mutane musulmi masu bin mazhabar Malikiyya. Ba Dubai ba ce. Hasumiyar masallacin Kutubiyya, mai tsayin mita 77, har yau ita ake fara hangowa daga nesa. A unguwannin masu ƙaramin ƙarfi irin su Massira da Mhamid da Daudiyat, gidan da ka fi gani shi ne mai hawa uku ko huɗu a kan ɗan fili ƙarami, bango manne da bangon maƙwabci. Ƙasa shago ne, ko wurin tela, ko na kafinta. Sama iyali. Ba a buƙatar na'urar hawa bene, don haka ɗauke wuta ba ya tsare kowa. Daga ƙofar gida mutum yana zuwa masallaci da gidan burodi da kantin magani da makarantar yara a ƙafa. Motar bas tana da fasinja a kowace tasha, domin mutane sun taru a wuri ɗaya, kuma mai shago yana da masu saye ba sai ya tafi babbar kasuwa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne inuwa. A tsohon garin Marrakesh lunguna matsattsu ne, gidaje suna yi wa juna laima, rana ba ta samun bango huɗu ta gasa. Da azahar kana fitowa daga lungu zuwa babban titi za ka ji bambancin a fatarka. Kuma wannan ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 haka yake: daga Ƙofar Rini zuwa Ƙofar Atiku, daga Ƙofar Marke zuwa Ƙofar Taramniya, gidaje a haɗe, zaure a gaba, tsakar gida a ciki, soro mai kaurin bango, kasuwa da masallaci da makarantar allo duk a kusa. Bello ya yi ta tara jama'a a garuruwan ribaɗi irin su Wurno domin ya san tsaro da karatu da sana'a sun fi samuwa inda mutane suke a dunƙule. Gida guda a tsakiyar makeken fili, salon da Turawan mulkin mallaka suka yi wa kansu ne a unguwarsu ta bayan gari. Mu muka ɗauke shi ma'aunin arziki, muka rufa masa kwano a garin da Afrilu ke narka mutum.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini: bene ba namu ba ne, mai bene yana leƙen matan maƙwabci. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware ta. Wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara hukunce-hukuncen gini tun ƙarni na 14: ba a buɗe tagar da za ta kalli tsakar gidan wani, ba a saita ƙofa da ƙofar maƙwabci ta yadda za a ga cikin gidansa, wanda zai yi amfani da rufinsa sai ya ja masa bango. Tushen duka shi ne kada ka cutu, kada ka cutar. A nan Marrakesh saman bene shi ne tsakar gidan mata. Can ake shanya, can ake hira da yamma, can ake kwana in zafi ya yi yawa, kuma da layya ta gabato za ka ji kukan raguna daga saman gidaje. Abin da muke bukata shi ne a sa waɗannan sharuɗɗa cikin ƙa'idar ba da izinin gini, magini ya san su kamar yadda ya san awon siminti.

Akwai kuma maganar gado, wadda ita ce ta fi taɓa kowane gida. Uba ya rasu ya bar gida ɗaya a Kanwuri ko Rijiyar Ɗorowa da 'ya'ya takwas. Ko a tsattsaga shi ɗaki-ɗaki har iska ta rasa hanya, ko a sayar kowa ya kama gabansa, wani Mabera, wani Gidan Igwai, wani can inda ko sunan unguwar ba a gama sa wa ba. Zumunci ya koma na waya. A Maroko na ga iyalai da yawa suna zuba harsashi mai ƙarfi tun farko, in ɗa ya tashi aure a ɗora masa hawa. Tsohuwa tana ƙasa, jikoki suna hawa da sauka. Gandun nan ne da muka sani, sama ya miƙe.

Ba komai na Marrakesh ne abin koyi ba. A 2004 an ƙaddamar da sabon gari, Tamansurt, can waje da birnin, aka gina gidaje da yawa kafin a kai aikin yi da isasshen sufuri, mutane suka daɗe suna kwana can suna wuni nan. Dajin dabinon da garin ke alfahari da shi kuwa, manyan gidajen hutu da filayen wasan masu kuɗi sun ci wani yanki nasa. Duk lokacin da na ji an ce za a gina rukunin gidaje ɗari biyar a bayan Sakkwato, nesa da kasuwa da asibiti, Tamansurt nake tunawa.

Bene kuma yana da sharaɗi. Ba a ɗora hawa uku a kan harsashin gida ƙasa, ba a rage rodi don a tsira da kuɗi. Sai da injiniya da mai duba aiki wanda ba a saye shi. Ba za a tara gida shida a fili ɗaya kowa da rijiyar burtsatse kusa da ramin masai ba, dole a haɗa musu ruwa da hanyar fitar da ƙazanta. Siminti dai a Kalambaina ake yin sa, ba mu da uzurin nisa.

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna a matsayin amana, don haka ikon yana nan. A fitar da hanyoyi da magudanan ruwa da filin makaranta da na maƙabarta kafin dillali ya buga turke. A shata fadama a hana gini cikinta. Filin da aka zagaye aka bari shekara da shekaru a tsakiyar gari, a ɗora masa haraji mai ƙaruwa har mai shi ya gina ko ya sayar. A sauƙaƙa izini ga duk mai son ɗora hawa biyu ko uku a kan manyan tituna, da shago a ƙasa. 'Yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah suna nan suna shigowa, da yawansu a kangwaye suke kwana, kuma ba duka za su koma ba. Ɗakin haya mai araha kusa da inda za su sami aikin yini suke nema, kuma irin ginin da muke yi yanzu ba ya samar da shi.